Tazarce: Ikon Shugaban Ƙasa, Iyakar Doka da Ƙuri'ar Talaka a Tasawa da Mayahi

Kundin tsarin mulkin da 'yan Nijar suka amince da shi a zaɓen raba gardama na 18 ga Yuli 1999 ya ba shugaban ƙasa iko mai faɗi, amma ya ɗaure shi ta wuri uku. Aya ta 36 ta ce wa'adin shugaba shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya tak. Aya ta 136 ta hana a taɓa wannan ƙa'ida ko da ta hanyar gyaran kundin ne. Aya ta 115 kuwa ta ce hukuncin Kotun Tsarin Mulki ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma ya hau kan kowace hukuma, ta farar hula da ta soja. A shekarar 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya kwance ɗaurin nan uku cikin 'yan watanni, bisa hujjar cewa jama'a ce ta roƙe shi ya zarce. Gardamar da ta biyo baya ta raba kan ƙasa, kuma har yau ita ce misali mafi bayyana a tarihin Nijar na tambayar da ke addabar kowace jamhuriya: idan abin da doka ta ce ya saɓa da abin da aka ce jama'a na so, wanne ke gaba?

Jama'ar da ake magana da sunanta ba a Yamai take ba. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a a Nijar mutanen karkara ne, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram su ne suka fi kowace jiha yawan jama'a. Gundumomin Tasawa da Mayahi, a gabas da arewa maso gabashin Maraɗi, kowacce ta haura mutum rabin miliyan a ƙidayar 2012. Manoman hatsi da wake da gyaɗa ne, daga Korgom da Hawan Dawaki a kudu har Urafan a arewa, daga Kanan Bakashe zuwa Gidan Amumun da ƙauyukan kwarin Gulbin Kaba. Duk wanda ya ce "talakawa ne suka nema", irin waɗannan mutane yake nufi. Don haka auna hujjojin ɓangarorin biyu daga wannan yanki ya fi auna su daga ofisoshin lauyoyin babban birni.

Iyakokin 1999 ba haka kawai aka rubuta su ba, wahala ce ta koyar da su. Bayan Taron Ƙasa na 1991, kundin Disamba 1992 ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaminista. Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993, ya rusa majalisar dokoki a Oktoba 1994, sai masu zaɓe suka ba 'yan adawa rinjaye a Janairu 1995. Dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista. Shekara guda aka yi ana zaman doya da manja, ana jayayya kan wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata da wa ke tsara ajandar taron ministoci, har aikin gwamnati ya tsaya cik. Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairu 1996. Shi kuma ya kawo kundin da ya tattara iko a hannun shugaba, ya tsaya takara a Yuli 1996, ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar ƙirga ƙuri'u, aka bayyana shi da nasara tun zagayen farko. An kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999. Waɗanda suka rubuta kundin 1999 sun ga illar shugaban da aka ɗaure wa hannu, sun kuma ga illar wanda ba mai ce masa a'a. Abin da suka rubuta yunƙuri ne na tsayawa tsakani.

Tandja ya hau mulki ranar 22 ga Disamba 1999, aka sake zaɓensa a Disamba 2004 da kusan kashi 65 cikin 100. Ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi: ya riƙe ta a matsayin gwamnan soja a zamanin Seyni Kountché, Tasawa da Mayahi kuwa suna ƙarƙashinta. Wa'adinsa na biyu zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Kiran tazarce ya fito fili a ƙarshen Oktoba 2008, wajen aza harsashin matatar mai ta Damagaram, sannan aka yi gangami a Yamai cikin Disamba ana neman a ƙara masa shekara uku.

Hujjar masu goyon baya ta farko ita ce aiki, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun 2001 aka fara shirin musamman na shugaban ƙasa, da kuɗin da aka samu daga yafe wa Nijar bashi, aka gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani da rijiyoyi a ƙauyuka, aka ba ƙungiyoyin mata rance. A zamaninsa aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, wanda ya ba garuruwa irin su Maijirgi da Isawan da Caake magajin gari da kansiloli na kansu. Mutumin ƙauyen da ya shekara talatin bai ga abin gwamnati ba sai mai karɓar haraji, ya wayi gari da aji da rijiya a bakin gari, yana da dalilin kiran shugaban da sunan Baba Tandja. A ce masa wata aya a cikin takardar da aka rubuta da Faransanci, wadda shi da mafi yawan maƙwabtansa ba sa iya karantawa, ta hana shi riƙe mutumin da ya amfane shi, abu ne mai wuyar shiga kai. Ƙari a kan haka akwai manyan ayyukan da aka fara: madatsar ruwa ta Kandaji, rijiyoyin man Agadem da kamfanin CNPC na Sin, ma'adinin yuraniyom na Imuraren da kamfanin Areva, da gada ta biyu a Yamai. Magoya baya suka ce wanda ya ɗauko aiki shi ya fi cancanta ya kai shi ƙarshe.

Hujja ta biyu ta doka ce. Kundin da kansa ya ce mulki na jama'a ne. Idan jama'a ce ta kafa kundin 1999, ita ke da ikon sauke shi ta kafa wani. Lauyoyin fadar shugaban ƙasa suka ce ba gyara za a yi ba balle aya ta 136 ta hana, sabon kundi ne dungurungum za a miƙa wa masu zaɓe, kuma aya ta 49 ta ba shugaba damar tuntuɓar jama'a kai tsaye. Alƙalai bakwai da ba wanda ya zaɓe su, in ji su, ba su da hurumin toshe bakin miliyoyi. Tarihin Faransa, inda Nijar ta kwaikwayo tsarinta, yana da abin da ya yi kama da wannan: a 1962 Charles de Gaulle ya kewaye majalisa, ya kai batun zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye gaban jama'a duk da adawar masana doka, jama'a suka amince.

Hujja ta uku ba a cika rubuta ta ba, amma ta fi yawo a majalisun hira: shugabanci kamar sarauta ne, sarki nagari ba a yi masa wa'adi, sauya shugaba duk shekara goma al'adar Turawa ce.

Wannan ta ukun ita ce mafi rauni, kuma tarihin yankin da kansa ya isa amsa. A Katsinar Maraɗi, wadda Tasawa ta daɗe cikin da'irarta, sarki bai taɓa zama mai cin gashin kansa ba. Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka su ke zaɓensa, kuma suna da ikon tuɓe shi, sun kuma sha yin hakan a ƙarni na 19. A Gobir ma akwai irin wannan majalisa, Taran Gobir. Sarauta ba ta da wa'adin shekaru, gaskiya ne, amma tana da mutanen da sarki ba ya iya kora don sun saɓa masa. Abin da Tandja ya yi wa kotu da majalisa, a ma'aunin gargajiya, daidai yake da sarkin da ya tuɓe masu zaɓen sarki ranar da suka ce masa a'a.

Ga yadda abin ya gudana. Ranar 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ba da ra'ayi cewa aya ta 49 ba ta halatta wannan zaɓe ba, domin ayar da kanta ta cire gyaran kundin daga abubuwan da shugaba ke iya kaiwa gaban jama'a shi kaɗai, kuma shugaban ya yi rantsuwa zai kare kundin. Washegari ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen, wannan karon da hukunci mai ɗaure kowa. Ranar 26 ga Yuni Tandja ya ɗauki ikon gaggawa na aya ta 53, ranar 29 ga wata ya rusa kotun, daga baya ya naɗa wata. Aya ta 53 an tanade ta ne don lokacin da ƙasa ke cikin haɗari mai tsanani har hukumomi suka kasa aiki, kuma ta shardanta majalisa ta kasance a zaune tana sa ido. Majalisar kuwa shi da kansa ya riga ya sallame ta. Jam'iyyar CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane ta fice daga gwamnati, manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki, 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka haɗu a ƙawancen CFDR. RSD-Gaskiya ta Cheiffou Amadou, wadda tushenta ke jihar Maraɗi, ta tsaya tare da shugaban.

Masu adawa sun kawo maganar rantsuwa, kuma a tsakanin Musulmin karkara ita ta fi ayoyin doka nauyi. Tandja ya dafa Alƙur'ani sau biyu, a 1999 da 2004, ya yi alkawarin kiyaye wannan kundi. Ya kuma faɗa da bakinsa, har a watan Maris 2009 lokacin ziyarar shugaban Faransa Nicolas Sarkozy, cewa zai sauka idan wa'adinsa ya cika. Ba sai mutum ya yi karatun boko ba kafin ya san hukuncin wanda ya rantse ya saɓa. Game da misalin de Gaulle kuwa, bambancin a fili yake: shi bai ƙara wa kansa ko kwana ɗaya ba, ya tsaya zaɓe a 1965, kuma da jama'a suka ƙi shawararsa a zaɓen raba gardama na 1969 ya sauka. Kundin da Tandja ya gabatar ya ba shi shekara uku ba tare da takara ba, ya cire iyakar wa'adi, ya mayar da shi shugaban gwamnati kuma.

Hujjar aiki ma tana da ɗaya fuskar, kuma a ƙasar Maraɗi aka fi ganinta. A 2005, bayan fari da farin ɗango, yunwa ta kama yankin, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. Shugaban ya musanta cewa akwai yunwa. A Yuli 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF daga aiki a jihar Maraɗi, inda take kula da dubban yara, ƙungiyar ta tattara ta bar wurin a ƙarshen shekara. Daminar 2009 ta yi gardama, amma sai bayan faɗuwar gwamnatin ne hukumomi suka fito fili suka amsa girman matsalar, suka nemi agaji. Hannun da ya gina rijiya shi ne ya hana a ambaci yunwa, kuma uwar da ɗanta ke fama da tamowa a Mayahi ba ta da inda za ta kai ƙara. Wannan shi ne ainihin amfanin majalisa mai baki da kotu mai zaman kanta da gidan rediyon da ba ya tsoron rufewa: ba don lauyoyi aka yi su ba, don ranar da shugaba nagari ya yi kuskure ne. Ra'ayin da ke cewa iyakar iko damuwar 'yan boko ce kawai ya manta cewa ɗan boko yana da hanyar tsira idan gwamnati ta kauce, manomi ne ba shi da ita.

An yi zaɓen raba gardamar ranar 4 ga Agusta 2009, tsakiyar damina, lokacin da manomi ke gona kuma rumbu ya kusa ƙarewa. Sakamakon hukuma ya ce kashi 92.5 cikin 100 sun amince, kuma kashi 68 na masu rajista sun fito. 'Yan adawa, waɗanda suka yi kiran ƙaurace wa zaɓen, suka ce waɗanda suka fito ba su kai ko kusa da haka ba. A nan matsalar hujjar "jama'a ce ta nema" take. A Nijar sarakunan gargajiya wani ɓangare ne na tsarin mulkin ƙasa, gwamnati ke tabbatar da naɗinsu, tana kuma iya dakatar da su. Gwamna da shugaban gunduma naɗin fadar shugaban ƙasa ne. Idan saƙo ya gangaro daga gwamna zuwa sarki, daga sarki zuwa mai gari, fitowar ƙauye rumfar zaɓe ba ta nuna ra'ayi kaɗai ba, tana nuna biyayya da gudun fushin hukuma. An tsare masu suka irin su Marou Amadou, an ƙara wa hukumar sadarwa ikon hukunta kafofin labarai. Mai yiwuwa ne ƙwarai Tandja yana da rinjaye na gaskiya a karkara. Amma ta hanyar rusa duk wata hukuma da za ta iya tabbatar da adadin, shi da kansa ya lalata shaidar da za ta gaskata shi.

Abin da ya biyo baya bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. An yi zaɓen majalisa ranar 20 ga Oktoba ba tare da 'yan adawa ba, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ta tsayar da tallafi, sulhun da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta ya cije. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kama shugaban. Wannan ita ce hujja mafi zafi a kan masu kare kundin: ba kotu ce ta tsayar da tazarce ba, ba kuma ƙuri'a ba, bindiga ce. A Najeriya, a Mayu 2006, majalisar dattawa ce ta kashe yunƙurin ƙara wa Olusegun Obasanjo wa'adi na uku. A Senegal, a 2012, masu zaɓe ne suka kayar da Abdoulaye Wade. A Nijar a 2009 shugaba yana da ikon rusa majalisa da sa hannu ɗaya, kuma ya hana a kai ga zaɓen da za a iya kayar da shi, don haka hanyoyin nan biyu a toshe suke. Dimokuraɗiyyar da soja ya ceto ta koya wa soja cewa shi ne alƙali na ƙarshe.

Martanin masu zaɓe bayan haka ya cancanci a dube shi da kyau, domin fuska biyu gare shi. Ranar 31 ga Oktoba 2010, wata goma sha biyar kacal bayan sun "amince" da cire iyakar wa'adi, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a sun amince da sabon kundi wanda aya ta 47 ɗinsa ta ce ba wanda zai yi fiye da wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adi bisa kowane dalili. Wannan ya nuna zaɓen raba gardama a Nijar ya fi auna wanda ke riƙe da gwamnati fiye da ra'ayin jama'a kan rubutun. Zaɓen da ake takara a cikinsa ya fi faɗin gaskiya. A zagaye na biyu na 12 ga Maris 2011 Mahamadou Issoufou, jagoran adawa da tazarce, ya samu kusan kashi 58, amma Seini Oumarou na MNSD-Nassara, jam'iyyar Tandja, ya samu kusan 42, alhali Tandja na tsare. Masu zaɓe sun sauya gwamnati ba tare da sun yi watsi da mutumin ba. Da aka sake shi a Mayu 2011 jama'a suka tarbe shi, kuma har rasuwarsa a Nuwamba 2020 sunansa bai zube a karkara ba. Talaka na iya ƙaunar shugaba kuma ya yarda lokacinsa ya cika. Masu tazarce ne suka ɗauka abu biyun ba sa haɗuwa.

Sai dai iyakar wa'adi ita kaɗai ba ta taƙaita iko. Issoufou ya mutunta aya ta 47, ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar. Amma a zaɓen 2016 babban abokin hamayyarsa Hama Amadou ya yi zagayen farko daga gidan kason Filinge, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, aka bayyana shugaban da kashi 92.5, adadin da ya yi daidai da na Agustan 2009. Masu sukar wannan zamani suna cewa an kiyaye harafin doka, amma an raunana 'yan adawa da kotuna ta wasu hanyoyi, kuma jam'iyya ta zarce ko da mutum bai zarce ba. Masu kare shi suna cewa saukar shugaba a kan lokaci, a yankin da shugabanni irin su Alpha Condé da Alassane Ouattara suka yi wa'adi na uku a 2020, ba ƙaramin abu ba ne. Dukansu suna da gaskiya, kuma gaskiyar ɓangare na farko ita ta sa da yawa ba su ji kundin 2010 nasu ba ne ranar da aka jingine shi.

An jingine shi ranar 26 ga Yuli 2023, lokacin da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Bazoum. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da jami'an da gwamnati ta naɗa, har da na garuruwan Tasawa da Mayahi, waɗanda suka fara zaɓen nasu shekara ashirin kafin nan. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 2025, an ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ba Janar Tiani muƙamin shugaban ƙasa na wata 60, wa'adin da ake iya sauyawa gwargwadon yanayin tsaro, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Magoya bayan wannan tsari suna kawo hujjar tsaro da 'yancin kan ƙasa da gangamin jama'a, masu suka suna tambayar wace hukuma ce za ta iya ce wa shugaba a'a, kuma ta wace hanya mai ƙuri'a zai bayyana ra'ayinsa kafin wa'adin ya cika.